Gasar bale da teyatur: shin wanda ya ɗauki kyautar farko shi ne gwani?



Akwai wata gardama da ba ta tsufa a garin nan. Duk ranar da aka kammala gasar wasannin dandali, aka kira sunan ƙungiyar da ta zo ta ɗaya, kafin a kwashe kujeru har musu ya tashi. Washegari a fada, a tashar kabu-kabu, a bakin famfo, magana ɗaya ce: wasu na cewa an yi adalci, wasu na rantsuwa cewa ƙwace aka yi. Wanda ke Abijan ko Legas ko Sabha kuwa, ɗan guntun bidiyo na minti 3 aka turo masa a WhatsApp, amma shi ma ya riga ya yanke hukuncinsa.

Maganar ba ta wasa ba ce, ko da yake a kan wasa ake yin ta. Ƙungiyar da ta ci ita ake gayyata bukukuwa, ita masu fayda-tallafi ke nema idan suna son a wayar da kan jama'a, ita ake haskawa a talabijin. Wadda ta faɗi sau biyu ko uku a jere, sau da yawa watsewa take yi: makaɗi ya tafi bida, ƴan mata a yi musu aure, ganguna su bushe a rataye. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware yadda ake wannan hukunci, da inda gardamar ke fitowa.

Bale da teyatur, mene ne bambancinsu?

Teyatur shi ne wasan kwaikwayo da baki ke ɗauke da labarin: ana magana, ana ba da amsa, ana ban dariya, kamar yadda Yazi Dogo da ƙungiyarsa ta Damagaram suka saba wa kunnuwan ƴan Nijar shekara da shekaru. Bale kuwa labari ne da ake bayarwa da jiki da murya. Ganga da kalangu su ne ke jan ragama, zabiya ta ba da waƙa, ƴan amshi su karɓa, ƴan rawa su nuna abin da ya faru. Ana iya nuna noma tun daga shuka har girbi, ko farauta, ko ɗaurin aure, ko tarihi irin na Sarauniya Mangu ta Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899, ba tare da an yi doguwar magana ba.

To, kun ga a bale abu huɗu ne ke tafiya lokaci guda: labari, waƙa, kiɗa, rawa. A nan wahalar hukuncin take. Ƙungiya na iya zama gwana a biyu, ta yi rauni a biyu.

Daga samariya zuwa 18 ga Disamba

Iyayenmu sun san asalin wannan gasa. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, gwamnatinsa ta raya samariya, kowace unguwa da kowane gari da tasu. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka shiga yin babban bikin matasa na ƙasa, wanda ke zagayawa manyan garuruwan jihohi 7 na lokacin: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Ana fara tankaɗe tun daga ƙasa, unguwa da unguwa, gari da gari, har a fitar da waɗanda za su ɗauki tutar jiha. Wata Ba'amurkiya mai bincike, Janet Beik, ta bi waɗannan ƙungiyoyi har ta fitar da littafi kan teyatur na Hausa a Nijar a 1987, inda ta nuna cewa ƴan wasan namu ba haddar takarda suke yi ba: a kan shirya ƙashin labari tare, sannan kowa ya cika maganarsa da bakinsa.

A 1987 ɗin ne kuma aka soma gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin nan na Adar. Daga baya bukukuwan ranar Jamhuriya, wato 18 ga Disamba, suka riƙa zagaya jihohi tare da gasanninsu na al'adu. Namu rabon shi ne Maraɗi Kwalliya a 2015, bayan na Doso a 2014, kafin na Agadas a 2016. A nan birni, gidan al'adu na Bawa Ɗan Wardanga shi ne dandalin da yawancin ƴan wasanmu suka fara taka ƙafa gaban babban taro.

Tsarin ya canza, gwamnatoci sun zo sun wuce, amma abu ɗaya yana nan yadda yake: mutane ƙalilan zaune a teburi da biro da takarda, su ne ke faɗin wanda ya fi.

A filin kokowa ido ne alƙali

Mu a Maraɗi mun saba da nasarar da ake gani ƙuru-ƙuru. Lokacin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa a 1975, Yakuba Ango Kantu ɗan Maraɗi ne ya zama sarki, shi ya sa filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. A kokowa, wanda aka kayar dubban idanu sun ga ya sha ƙasa. Ko a can ɗin akan yi ƙorafi idan lokaci ya cika ba kaye, amma galibi ƙasa ce ke ba da shaida.

A dandali babu kaye. Ba wanda zai iya auna daɗin murya da tiya, ko ya gwada kyan rawa da igiya. Wannan ɗabi'a tamu ta son ganin kaye ita muke ɗauka mu je kallon bale da ita, sai mu ɗauka cewa wanda aka fi yi wa tafi da guɗa shi ya kayar. Alƙalai kuwa ba tafi suke ƙirgawa ba.

Yadda lissafin yake tafiya

Mu ɗauki misali, don a gane. A ce maki 20 ne gaba ɗaya, an raba su gida huɗu, kowane gida maki 5: labari da saƙo, waƙa da kiɗa, rawa, sai tufafi da tsarin dandali.

Ƙungiya ta farko ta zo da zabiya mai muryar da ke tayar da tsikar jiki, da makaɗan da ba su da na biyu. A waƙa ta samu 5, a rawa 5. Amma labarin ya ɗan warwatse a tsakiya, aka ba ta 3, tufafin kuma aro ne, kowa da kalar zanensa, aka ba ta 2. Jimla 15.

Ƙungiya ta biyu ba ta tayar da kowa tsaye ba, amma ba ta yi tuntuɓe ko'ina ba: 4, 4, 4, 4. Jimla 16.

Wa ya ci? Ta biyu. Wa za a riƙa zancensa a gari har wata guda? Ta farko. Kuma ba wanda ya karɓi ko dala a nan. Tsarin tara maki, a ɗabi'arsa, ya fi son wanda bai yi kuskure ba a kan wanda ya yi abin mamaki a wuri ɗaya. Idan kuma dokar gasar ta ce a zabge maki ga wanda ya wuce mintocin da aka yanka, to ƙungiyar da jama'a suka riƙa tsayarwa da guɗa da liƙi ita ce za ta fi shiga haɗari. Soyayyar ƴan kallo da kanta na iya kayar da ita.

Abubuwan da ke karkatar da sikeli

Ban da lissafi, akwai wasu abubuwa da kan sa hukunci ya jirkice ko da alƙalan mutanen kirki ne.

Na farko harshe. A gasar ƙasa, Hausa na karawa da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci da sauransu. Kirarin Gobirawa, ko habaicin da zabiya ta saka cikin baiti ɗaya wanda ya sa duk matan Tibiri suka kwashe da shewa, idan aka fassara wa alƙali shi da Faransanci a layi biyu, gishirin ya zube. Amma mu yi wa kanmu adalci: mu ma idan ƴan Tilaberi ko Difa suka hau, rawar kawai muke gani, abin da ya sa nasu mutanen ke kuka ko dariya ya wuce mu. Wanda ya ji rabin wasa, da wuya ya iya rantsuwa cewa an zalunci nasa.

Na biyu saƙo. Tun zamanin samariya hukuma ce ke shirya gasa, kuma tana da abin da take so a faɗa: haɗin kan ƙasa, dashen itace, illar tafiya bida, sa yara lakwal, zuwa awon ciki. Duk abubuwa ne masu amfani. Sai dai idan saƙo ya fi komai nauyi a takardar alƙalai, ƙungiyoyi kan gane, sai kowa ya riƙa kawo wa'azi da ganga. Wasan da ya taɓo abin da ke damun mutane da gaske, kamar rikicin gona tsakanin ƴan uwa, ko bashin da ke kan manomi kafin kaka, yana iya zama shi ne mafi rai a daren, amma ya rasa maki don bai zo da maganin da aka tsara ba.

Na uku kayan aiki. Tibiri da Jiratawa ba su kai tafiyar rabin awa daga Maraɗi a kan babur ba, amma a wajen shiri tazarar tana da yawa. Ƙungiyar birni na iya yin gwaji a kan dandalin da za a yi gasar, ta saba da lasifika da fitila, ta samu ɗan kasuwar da zai ɗinka mata anko. Matashin Jiratawa ya wuni a garka yana ban ruwan zogale ko albasa, sai bayan isha zai zo gwaji a fili, da hasken cocila. Ranar gasa ce ranarsa ta farko da riƙe makirfo. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wani ai goran ma sai ranar ake miƙa masa.

Na huɗu, wanda ya fi zafi a yankinmu, shi ne maganar gargajiya. Tibiri gari ne na sarautar Gobir tun zamanin Sarki Mayaƙi a shekarun 1830, kuma sarautar Inna tana nan, kamar yadda ake da Iya a fadar Katsinar Maraɗi. Kiɗan goge da ƙwarya da ke tattare da bori yana cikin abin da ƙasar nan ta shahara da shi. Wani alƙali zai ga an kawo shi dandali ya ce wannan shi ne asali, ya ba da maki cikakke. Wani zai ga bai dace a nuna ba sam. A cikin ƴan kallo ma haka rabuwar take, har cikin gida ɗaya. Ƙungiyar da ta saka shi za ta rasa wasu, wadda ta cire shi za a ce ta zubar da kayan gado. Duk hukuncin da aka yanke a nan, sai wani ya tashi da fushi.

Sai kuma abin da kowa ke raɗawa: son kai, da fifita mai masaukin baƙi, da rabon kyaututtuka don kada wata jiha ta koma hannu wofi. Alƙalai mutane ne, zuciya gare su. Amma zargi ba hujja ba ne, kuma matuƙar ba a bayyana maki, ba mai iya tabbatar da zargin, ba kuma mai iya wanke wanda ake zargi.

Har a Amurka haka suke fama

Kada mu ɗauka mu kaɗai ne. A birnin Niyok akwai unguwar gidajen wasa da ake kira Broadway, inda wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa ya zama babbar sana'a. Kyautarsu mafi girma sunanta Tony, an fara ba da ita a 1947, kuma mutane ɗaruruwa ne ke jefa ƙuri'a. Duk da haka gardamarsu ta fi tamu tsawo.

A 1958 wasan The Music Man ne ya ɗauki kyautar farko, ya bar West Side Story, labarin gabar ƙungiyoyin matasa biyu da soyayyar da ta ƙare da mutuwa. Shekara uku bayan haka aka mai da wanda ya faɗin fim, ya kwashe kyautar Oscar guda 10. A 1976 wasan Chicago ya shiga takara a fanni 11, bai samu ko ɗaya ba, A Chorus Line ya kwashe 9. Wanda ya ci ɗin ya cancanta, don an yi ta nuna shi har 1990. Amma da aka sake ɗora Chicago a dandali a 1996, sai ya zarce shi daɗewa nesa ba kusa ba. Wasan bai canza ba, mutane ne suka iso inda yake.

Na 2004 ya fi kama da irin ƙorafinmu. Ƙaramin wasa mai suna Avenue Q ya doke babban wasa Wicked. Cikin masu ƙuri'a akwai masu gidajen wasa na sauran biranen Amurka, waɗanda suka sa ran za a zagayo musu da wanda ya ci. Ana gama ba da kyauta sai aka ji masu wasan sun ƙulla yarjejeniyar kai shi Las Begas kaɗai. Aka yi ta ɓacin rai. Kun ga ko a can, lissafin kasuwa na shiga cikin akwatin ƙuri'a.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne wasan Fela!, kan rayuwar mawaƙin Najeriya Fela Kuti, da aka buɗe a Broadway a 2009. A 2010 ya shiga takara a fanni 11, ya ci 3, har da na tsara rawa, amma kyautar farko ta tafi ga wani wasa mai suna Memphis. A 2011 aka kawo Fela! Legas, mutanen garinsa suka cika wuri. Kafin shi, Sarafina! na Afirka ta Kudu, kan ɗaliban Soweto, shi ma ya yi takara a 1988 bai ci ba, amma har yau ana tuna shi a nahiyar nan.

To, sun cancanta ko ba su cancanta ba?

Ga yadda muke ganin abin. Kyautar farko tana faɗin gaskiya, amma ƴar ƙarama: a wannan dare, gaban waɗannan alƙalai, bisa wannan takarda, wannan ƙungiya ce ta fi tara maki. Mafi yawan lokaci wadda ta ci ta yi gumi, ta yi shiri, kuma rashin kirki ne a kira ta ɓarauniya don kawai tamu ta faɗi. Abin da kyautar ba ta iya faɗa shi ne wane wasa ne zai zauna a bakin mutane.

Wannan hukuncin na biyu yana hannunku, kuma ba ya sauri. Mu da ke karɓar gaishe-gaishe a nan gidan rediyo muna ganinsa kullum. Wanda ya bugo ya ce a sa masa Sa'adu Bori, wanda faifansu da Musa Pusi mai suna Niamey Twice ya fita a 1994 ya kai kiɗan Nijar Turai, ba ya tambayar ko na nawa ya zo a wace gasa. Waƙar bale da ta sauko daga dandali ta shiga bakin mata wajen daka, ko ta koma waƙar gaɗa a dandalin ƴan mata, ta ci wata kyauta da ba a ba da kofi a kanta.

Amma kada wannan ya zama abin rarrashi kawai. Ƙungiyar da ta watse bana ba za ta ci moriyar yabon da za a yi mata bayan shekara 20 ba. Don haka gyaran hukuncin farko wajibi ne.

Abin da muke roƙo a gyara

A faɗi ma'auni tun kafin a fara gwaji, da Hausa, a rediyo, yadda shugaban ƙungiyar da bai yi lakwal ba zai san a kan me za a auna shi. Bayan gasa a karanta makin kowace ƙungiya fanni-fanni a bainar jama'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ji an ce ya samu 2 a tufafi ya san abin da zai gyara baɗi, wanda aka ce masa ya zo na huɗu kawai, zargi zai ɗauka ya tafi da shi gida.

A teburin alƙalai a samu wanda ya taɓa riƙe gula ko ya taɓa ba da waƙa, a samu mace, a samu mai jin harshen da ake wasan da shi. A ba ƙungiyoyin karkara ko da yini ɗaya su gwada dandalin da na'urorinsa kafin ranar. A ware kyaututtuka: ta zabiya daban, ta makaɗi daban, ta labari daban, da ta zaɓin ƴan kallo, yadda gwanin da ke cikin ƙungiya mai rauni ba zai nutse tare da ita ba.

Sannan a ɗauki kowane wasa cikakke, daga farko har ƙarshe, a adana. Yau salula ta sauƙaƙa wannan. Idan babu abin da za a koma a kalla, gardama kan koma tsakanin tunanin wani da tunanin wani, mai babbar murya ya yi nasara.

Ku kuma ƴan uwa da ke waje, mun san da yawanku kuna aiko da na anko da na mota idan ƙungiyar garinku za ta fita, Allah ya saka da alheri. Shawararmu ita ce kada taimakon ya tsaya ga shekarar da aka ci. Shekarar faɗuwa ce aka fi bukatar fatar ganga da kuɗin shayin gwaji. Kuma kafin ku tura saƙon murya cewa an yi ƙwace, ku nemi a turo muku wasan duka, har da na abokan karawa. Gani ya kori ji, amma ganin minti 3 bai kori komai ba.

Labaran da za a ɗora a dandali ba su ƙare mana ba. Ga kafuwar Tibiri, ga ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta tayar da Maraɗi daga kwari zuwa tudu, ga rayuwar manoman rani na Jiratawa, ga matan da mazansu suka shekara biyar a bida. Masu iya bayar da su suna nan cikinmu.

Yanzu magana ta dawo gare ku. Wane bale ko teyatur kuka taɓa gani wanda bai zo na ɗaya ba amma har yau kuna tuna waƙarsa? Wane ne kuma ya ci, kuka yarda har zuci cewa ya cancanta, ko da ba na garinku ba ne? Dattawan da suka yi samariya, muna son jin ta bakinku musamman, da sunan wasan da shekarar idan kun riƙe. Ku aiko da saƙonku yadda kuka saba, za mu karanta a shirinmu na al'adu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Mu kwana nan.